Ƙuri'ar Barau Tela

Ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku. Ba ta dariya ba ce, kuma in na kai ƙarshenta ba ni zan yanke hukunci ba, ku za ku yanke. Don haka kowa ya kasa kunne, kada a zo gardama wani ya ce bai ji wani wuri ba.

A wata ƙasa da babban kogi ya ratsa ta tsakiya, ya raba ta arewa da kudu, akwai wani gari a arewacin ana ce da shi Kwarin Dinya. A bakin kasuwar garin akwai wani tela, Malam Barau, siririn mutum marar yawan magana. Ɗan jam'iyyar adawa ne, amma bai taɓa riƙe muƙami ba, bai taɓa hawa dandamali ya kama lasifika ba. Nasa dai ɗinki. Duk tutar jam'iyya da aka ɗaga a yankin, daga kekensa ta fito.

Wata shekara aka yi zaɓe, rikici ya biyo baya. Wasu suka cinna wa ofishin tattara sakamako wuta, maigadin wurin ya ƙone a ciki. Kashegari da hantsi motocin jami'an tsaro suka shigo gari, aka kwashe 'yan adawa goma sha tara. Barau na cikinsu, da tef ɗin awo a wuyansa aka jefa shi mota. Ranar da aka yi gobarar yana can ƙauyen surukansa wajen jana'iza, amma ba wanda ya tambaye shi inda yake. Matansu suka yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan, ko'ina sai a buɗe littafi a ce babu sunansu. Wata biyu ba labari, har dangin wasu suka fara tambayar malamai ko matan su shiga takaba.

Mutum uku ne suka tsaya a kan maganar nan. Ku riƙe sunayensu.

Na farko shi ne Kwamared Sallau Jibo, shugaban ƙungiyar direbobin manyan motoci. Bai san Barau ba, bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Wata daga cikin matan ce ta tare shi a tasha ta durƙusa tana kuka, shi kuwa ya aika wa direbobinsa ko'ina cewa duk wanda ya ga wata rufaffiyar mota a ranar kaza, ya faɗi inda ta nufa. Direba ya gaya wa direba, mai shayi ya gaya wa mai faci, har aka gano an kai su wani tsohon gidan kaso can bakin iyaka, an yi musu shari'a a ɓoye, an yanke musu hukuncin rataya. Sallau ya sa aka gindaya tireloli a manyan hanyoyin ƙasar. Kwana goma sha ɗaya tumatir bai sauka kudu ba, mai bai hau arewa ba. Aka kama shi, aka doke shi da gindin bindiga har idonsa na hagu ya tsiyaye, bai janye ba. A rana ta goma sha biyu gwamnati ta fito ta amsa cewa mutanen suna hannunta, kuma da ransu.

Amsawar ba ta cece su ba. Na sama suka ga gara a gama da su kafin maganar ta isa babbar kotu. Dokar ƙasar kuwa ta ce ba a rataye mutum sai gwamnan jiharsa ya sa hannu. Gwamnan lokacin shi ne Alhaji Mu'azu Tambai, ɗan jam'iyya mai mulki, wanda a ƙarƙashinsa aka yi kamen bai hana ba. Shi ne na biyu. Aka kawo masa takarda, ya ce zai duba. Aka dawo, aka tarar ya tafi rangadi. Aka kira shi daga sama har sau uku. Daga ƙarshe ya dubi ɗan aiken ya ce, “Koma ka ce hannuna ba zai hau takardar nan ba.” Kwana arba'in ya riƙe ta a aljihun tebur. Aka sa majalisar jiha ta tsige shi, aka kore shi daga jam'iyya, abokan da ya yi shekara talatin tare da su suka daina amsa sallamarsa.

Ta uku ita ce Barista Saratu Yohanna, Kirista ce daga tsaunukan tsakiyar ƙasar, lokacin ba ta kai arba'in ba. An kai wa manyan lauyoyi maganar, kowa ya ce aiki ya yi masa yawa. Ita ta karɓa. A cikin kwana arba'in ɗin nan ta bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya tana neman shaidu. Ta samo limamin da ya ja sallar jana'izar da Barau ya halarta, ta samo waɗanda suka tsaya sahu ɗaya da shi. Haka ta yi wa kowane ɗaya daga cikin sha taran. Aka ƙone ofishinta da takardun a ciki, ta zauna ta sake rubutawa daga abin da ta riƙe a ka. Aka bi motarta aka tura ta rami, ta yi ɓarin ciki wata biyar, bayan kwana shida aka turo ta kotu a keken marasa lafiya ta ci gaba da magana. Ranar da za a rantsar da sabon gwamna, wanda kowa ya san alƙalaminsa a shirye yake, ranar babbar kotu ta rushe hukuncin.

Mutum goma sha bakwai suka fito. Biyu ciwo ya riga ya kashe su a ciki. Barau ya dawo gida da ƙafar dama wadda sarƙa ta ci, tun daga nan da sanda yake tafiya, da hagu yake taka keke.

Shekara goma sha biyu suka wuce. Jam'iyyar nan dai ita ke mulki, halinta bai canza ba. Aka ƙwace gonakin fadamar Kwarin Dinya, mutanen gari suka fito suka yi magana, aka kwashe tara, shekara biyu ke nan ba a kai su gaban alƙali ba. Cikinsu har da Hamisu, mijin Uwani 'yar Barau, wadda ta dawo gidan ubanta da 'ya'ya uku. Babban zaɓe ya matso, mutane suka sa rai ko wannan karon Allah zai kawo canji. Sai ga shi masu neman jam'iyyar adawa ta tsayar da su takarar shugaban ƙasa su uku ne: Sallau, da Mu'azu, wanda ya shigo adawa tun bayan tsige shi, da Saratu.

Kowace ƙaramar hukuma daliget ɗaya za ta aika zaɓen fid da gwani. A Kwarin Dinya aka kwana uku ana rigima, kowane ɓangare na son nasa ya tafi. Sai wani dattijo ya ce, “Ku tura Barau. Su ukun nan duk sun tsaya masa, ba wanda zai ce ya fi wani a wurinsa.” Nan take aka amince. Barau ya roƙi a yafe masa, ya ce shi ɗinki ya sani. Ba a saurare shi ba.

Daga ranar ƙofar shagonsa ta zama majalisa. Wata la'asar Ilu direba ya zauna a kan benci ya ce, “Baba Barau, tun da kake ka taɓa ganin taro irin na Kwamared? Ranar da ya zo nan mutane har kan bishiya. Ba wanda aka ɗauko a mota, kowa da ƙafarsa ya zo. Talaka ya gaji, kuma shi kaɗai ne in ya ce a fito za a fito.”

Ɗan'azumi, ciyaman ɗin mazaɓa, ya girgiza kai. “Taro daban, ƙuri'a daban, Ilu. Dokar ƙasar nan ba yawan ƙuri'a kaɗai take nema ba, sai ka samu rabonka a jihohin ƙetaren kogi. Can me suka sani game da shi? Mutumin da ya toshe hanya suka rasa abin miya. 'Yan kasuwa kuma tsoron bakinsa suke yi. Alhaji Mu'azu sau huɗu yana tsayawa zaɓe, bai taɓa faɗuwa ba. Yana da wakili a kowace rumfa. Sau nawa muka ci a akwati aka ƙwace a hanya? Shi ya san yadda ake yi, don a cikinsu ya tashi.”

Malama Hajo, ƙanwar Barau, wadda ke shugabancin makarantar firamare, tana tsaye tana jiran a gama mata ɗinki. Ta ce, “Ai ita ce matsalar, a cikinsu ya tashi. Tsofaffin ɗalibaina sun ce in shi aka tsayar, ranar zaɓe a gida za su zauna, don ba su ga abin da aka canza ba. Shekararsa saba'in da shida. Barista kuwa kudu tana son ta, tsakiya nata ne, matasa na bayanta, kuma ba wanda ya taɓa kama ta da cin amana.”

“Malama, faɗi tsakaninki da Allah,” in ji Ɗan'azumi. “A unguwarku mutum nawa za su dangwala wa mace, kuma wadda ba addininmu ɗaya ba? Ko kansila ba ta taɓa nema ba.”

Hajo ta ce, “Kaɗan ne. Amma abin da za ta rasa a nan za ta same shi a can.”

“Jama'a a arewa take,” in ji Ilu. “Wanda ya rasa nan ya faɗi.”

Barau yana ta kalmasa bakin riga. Duk wanda ya yi magana sai ya ji gaskiya ya faɗa, har sai na gaba ya buɗe baki. Kuma ya lura ba wanda ya tambaye shi abin da ke ransa shi da ya kwana wata huɗu yana jiran igiya.

Ranar tafiya da safe Uwani ta kawo masa koko, ta durƙusa ba ta tashi ba. Ta ce, “Baba, ni ban san wanda ya fi kirki a cikinsu ba, kai ka sani. Abin da nake roƙonka, kada ka zaɓo mana wanda zai faɗi. In aka faɗi wannan karon, ban sa ran yaran nan za su sake ganin ubansu ba.” Barau ya riƙe kofin har kokon ya huce, sannan ya ce ta yi masa addu'a.

A babban birni aka sauke su kwana biyu kafin zaɓe, 'yan takara na zagawa suna gaisawa da daliget. Sallau ne ya fara hango Barau. Ya keto cikin jama'a ya rungume shi, ya ɗaga hannunsa sama ya ce, “Ku dubi Baba Barau! Wannan idon nawa a kansa ya tafi, kuma wallahi in da za a sake, zan ba da ɗayan!” Wuri ya ɗauki sowa, hawaye ya zubo wa Barau. Sallau ya ci gaba da magana, ya ce ranar da ya hau mulki zai fasa rumbunan masu ɓoye abinci, ya raba wa talakawa a titi. Sowar ta ƙaru. Amma Barau ya waiga ya ga daliget ɗin kudu sun haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa, wasu sun tashi sun fice.

Saratu da kanta ta zo masaukinsu da azahar. Ta cire takalmi ta zauna a gefen tabarma, ta tambaye shi ƙafa, ta tambayi matarsa da suna. Ta ce ta san maganar Hamisu, lauyoyin ofishinta sun kai ta kotu sau biyu ana ɗagewa. Barau ya yi ta juya magana a bakinsa, daga ƙarshe ya ce, “Barista, ba zan ɓoye miki ba. Mutanenmu da yawa sun ce ba za su yi ki ba.”

“Na sani, Baba,” in ji ta. “Wasu daga cikin waɗanda na fitar ma sun aiko mini da haka. Ban yi aikin nan don a saka mini ba. In ka ga ba zan ci ba, kada ka ba ni don kunya. Amma ka tuna an daɗe ana cewa ƙasar nan ba za ta yarda da abu kaza ba, ba a taɓa tambayarta ba.”

Mu'azu bai zaga ba, aikowa ya yi a kawo masa Barau. Ya same shi a falo cikin manyan mutane, da taswirar ƙasa shimfiɗe a tebur, kowace mazaɓa da sunan wanda zai tsare ta. Mu'azu ya sallami kowa. Da ya ɗauki kofin shayi sai Barau ya ga hannun yana rawa, har ya mayar ya ajiye bai sha ba.

“Malam Barau, ba farin jini ke cin zaɓe a ƙasar nan ba,” in ji shi. “Sallau zai tara jama'a, Saratu za ta samu yabo a jarida, ranar tattara sakamako a yi musu abin da aka saba. Ni ba za a yi mini ba. Wa'adi ɗaya nake nema, in buɗe ƙofa, na baya su shiga.”

Akwai tambayar da Barau ya yi shekara goma sha biyu yana ɗauke da ita. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ranar da aka zo aka kwashe mu, ka sani?”

Tsohon bai kau da kai ba. “Na sani. An gaya mini tun kafin motocin su tashi. Na yi shiru don ina tsoron kujerata. Da takardar rataya ta zo ne na ga inda shirun ya kai ni.”

Barau ya yi masa sallama ya fito, bai san ko ya ƙara ganin girmansa ba ne ko ya rage.

Ranar zaɓe aka taru a filin wasa. Saboda ba wanda ya yarda da akwati, aka amince a yi 'yar tinƙe: kowane ɗan takara ya tsaya, masu son sa su yi layi a bayansa, a ƙirga a gaban kowa. An kuma yi rantsuwa cewa duk wanda ya fi, ko da mutum ɗaya ne, sauran za su bi shi. Rana ta take, an daɗe a tsaye ana tantance sunaye, ƙafar Barau ta kumbura. Ya ja jiki ya koma can ƙarƙashin rumfa ya zauna, ya yi sallar azahar a zaune. Yana cikin addu'a aka busa usur, mutane suka ruga suka ja layi. Ya so ya tashi, ƙafa ta ƙi. Shi kansa bai san ko ƙafar ce ta ƙi ko zuciyar ba.

Aka ƙirga layin Sallau, ɗari biyu da goma sha ɗaya. Aka ƙirga na Mu'azu, ɗari biyu da goma sha ɗaya. Aka ƙirga na Saratu, haka. Aka sake, aka kuma sakewa da wasu masu ƙirgar, ba abin da ya canza, an yi kunnen doki. Shugaban zaɓen ya ɗauki rajista ya bi da yatsa, ya ga saura mutum ɗaya. Ya kama lasifika ya ce, “Kwarin Dinya! Ina daliget na Kwarin Dinya?”

Barau ya dafa sanda ya miƙe. Filin nan da ke ta hayaniya tun safe ya yi tsit, har ana jin sandarsa tana taɓa ƙasa. Ya yi ta ɗingishi har ya iso gaban layukan uku ya tsaya. Sallau ya kafe shi da idonsa guda. Mu'azu na zaune a kujerar da aka kawo masa, ya ɗora hannu ɗaya a kan ɗaya don kada a ga rawarsu. Saratu ta sunkuyar da kai, ba ta son ta dube shi ta yi masa nauyi.

Ba don na farko ba, da ba a san Barau yana raye ba. Ba don na biyu ba, da an rataye shi kafin a kai kotu. Ba don ta uku ba, da jinkirin ya ƙare an rataye shi duk da haka. Ɗaya yana da jama'a, ƙetaren kogi na gudunsa. Ɗaya ya iya tsare ƙuri'a, matasa ba sa son ba shi ita. Ɗaya ƙasa za ta iya karɓarta, garinsu Barau ba zai karɓe ta ba. In ya yi kuskure, mutum tara za su ci gaba da zama inda shi ya taɓa zama.

Shugaban zaɓe ya matso ya ce a hankali, “Baba, kai ake jira.”

Nan na tsaya. To, jama'a, ku da kuka ji komai, kuma kuka san abin da za a rasa in an faɗi: a bayan wa ya kamata Barau ya tsaya?